Jar Saniyar Dodo

Shekara uku Saudatu ta yi tana tattara farashin dabbobi na kasuwannin Tasawa, Kona da Korgom, tana zubawa a shafinta na intanet. Makiyaya ke kiranta su faɗa mata gaskiyar ciniki, su kuma duba a wayoyinsu kafin su kora dabba kasuwa. Sai ƙanenta Muniru, mai bokon gidan, ya kawo wata dabara: wani kamfani a Yamai zai riƙa biya idan an bar shi ya san wanda ya leƙa shafin da abin da ya duba, don ya bi shi da talla. Saudatu ta yarda, kuɗi kuwa suka fara shigowa.

Ran nan Illo, wani makiyayi daga gefen Korgom, ya tsaya ƙofar shagonta ya ƙi zama. A da akwai jar saniya a hannunsa ta habbanaye, wato wadda amininsa Dodo ya ba shi amana ya riƙe har ta haifa masa maruƙa. Illo ya duba farashin jajayen shanu sau uku don yana son sayen tasa. Tun daga nan talla ta liƙe wa wayarsa: hoton jar saniya, da rubutu wai ka sayar da taka yau, dillali zai zo har ruga. A kasuwa Dodo ya ari wayar, ya gani, aka karanta masa. Washegari ya zo ya kwance saniyarsa ya tafi.

"Shekara talatin muna tare," in ji Illo. "Yau ni aka ma kallon mai saida amana. Wa ya hwaɗa musu abin da ni duba?"

Kunya ta kama Saudatu, fushi ya biyo baya. Ta juya kan Muniru.

"Cire abin kamfanin nan daga shafin yanzu."

"Yaya, akwai kontra hwa, mun sa hannu a takarda! Kuma duk duniya haka aka yi, c'est normal."

"Duk duniya ba su san habbanaye ba. Cire shi, ka tada moto."

Muniru dai gwanin Faransanci ne, amma bai taɓa cin yayarsa da gardama ba. Ya cire, suka hau babur suka kama hanyar rugar Dodo.

Sun tarar da Dodo a gindin gawo, jar saniyar na ɗaure kusa da shi. Saudatu ta durƙusa ta gaishe shi, ta zayyana masa komai ba ta rage ba.

"Baba, Illo bai nemi dillali ba. Ni na saida labarinshi."

Tsohon ya dube ta ya ce:

"Nawa suka ba ki bisa kanshi?"

Ta dubi Muniru. Ya yi ƙasa da murya ya ce dala biyu ne, wato sefa goma, kowane mutum.

"To, na ji. Ku sauka lahiya."

Saudatu ba ta motsa ba. Ta gyara zama a kan yashi, ta ce ba inda za ta sai saniyar ta koma inda aka kwance ta, ko da za ta kwana uku a nan. Matan rugar suka leƙo suna mamakin wannan 'yar birni mai taurin kai. Rana ta take, aka kawo mata nono ta ƙi sha.

Sai bayan la'asar Dodo ya miƙe, ya kwance igiyar da kansa. Bai ce a kira Illo ba, hannun Saudatu ya danƙa wa.

"Ke kinka raba shi da ita, ke za ki kai ta. Da ƙahwa, kowa shi gani."

Tafiyar awa biyu ce cikin yashi. Muniru ya buɗe baki zai yi magana, ta harare shi. Ta tuɓe takalmanta ta miƙa masa, ta naɗe igiyar a hannu, ta ja saniyar ta bi ta tsakiyar gari.