Ranar da Kinanti ta kulle wayar uwarta

Ku matso ku ji abin da ya faru a layinmu, wallahi har yau matan unguwa ba su gama dariya ba!

Ningsih mai soya tempe, wani irin awarar waken soya, a bakin layi tana da 'ya ɗaya tal, Kinanti, 'yar shekara shida. Yarinyar nan ba ta karɓar loma sai waya na gabanta. Bayan la'asar, in mata suka fito da kwanoni suna bin 'ya'yansu lungu-lungu suna ba su abinci a baki, ita Ningsih cokali a dama, waya a hagu. Wasa na tafiya, baki a buɗe. Aka sako talla, baki ya rufe gam. Har malamar awo ta ce mata a gaban kowa yarinya ta rame, kuma a raba ta da wayar nan. Kunya kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sai wata maƙwabciya ta nuna mata manhajar da ake ɗaure wayar yara da ita. Ka sa lokaci, yana cika waya ta mutu da kanta, sai wayar iyaye ta ba da izini. Ningsih ta dawo gida da murna, ta ɗauko wayarta da wadda Kinanti ke kallo, ta zauna a tabarma kusa da tsohuwarta, Mbah Painem, wadda kowa ke kira Mbah, wato kaka.

Manhaja ta tambaya: wannan wayar ta iyaye ce ko ta ɗa?

To ita wayar da Kinanti ke kallo ai ta Mbah ce, aro take yi. Ningsih kuwa ba ta ƙarya. Wayar uwarta ce, ta danna iyaye. Da aka zo kan tata, ta dubi tsohuwa tana tsinke alayyafo a gefe. Yaya za ta kira kanta iyaye ga wadda ta haife ta zaune? Ta danna ɗa. Ta sa ɗan lokacin da ko shinkafa ba za ta nuna ba, ta yi hamdala.

La'asar ta yi. Ta zuba shinkafa da miyar alayyafo, ta zauna a dakali tana kallon bidiyon girki, tana jiran wayar Kinanti ta mutu. Kwatsam tata ta yi ɗif. Rubutu ya fito: lokacinka ya ƙare, nemi izinin iyaye. Can gefe wayar Kinanti ta yi ƙara.

Yarinya ta duba, ta ɗago kai a hankali.

"Ibu," haka take kiran uwar, "wai kina roƙon ƙarin lokaci."

"Ke, kawo wayar nan!"

Kinanti ta ruga bayan kakarta ta laɓe. Ningsih ta ce, "Mbah, ki karɓo min, masu sayen tempe za su yi ta aiko saƙo."

Tsohuwa ko ɗagowa ba ta yi ba. "Wayata ce, na ara wa jikata. Ke ma ai tun safe idonki na kan taki, jiya har mai kika ƙona."

"Haba Mbah, gefenta za ki bi?"

"Da naki zan bi? Ke kin girma."

Kinanti ta leƙo, ta riƙe ƙugu irin na uwarta sak. "Sai kin ci ganye, 'yar nan. Buɗe baki."

Ningsih kuwa duk duniya ba abin da ta tsana kamar alayyafo, dafawa kawai take don yarinya. Amma saƙonni na can a kulle. Ta runtse ido ta buɗe. Kinanti ta ajiye waya a cinyar kakarta, ta cika cokali ta ɗura mata.

"Tauna! Kar ki ɓoye a kumatu, na san wannan dabarar."

Ningsih ta haɗiye da ƙyar, hawaye na neman zubowa. Nan wata dabara ta faɗo mata. Ta kama baki ta rufe, ta juya kai, ta ce ba daɗi, ba za ta ƙara ba.

"Akwai daɗi mana! Kalli." Kinanti ta kai cokali bakinta, ta tauna, ta haɗiye. "Kin gani? Ban mutu ba."

"Ban gani da kyau ba."

Kinanti ta sake kai wani. Haka suka yi ta yi, ɗaya na uwa, biyu na 'ya, har cokali ya fara ƙara a gindin kwano. Waya na can cinyar Mbah, ba wanda ya waiwaye ta. Maƙwabta sun yi cirko-cirko da nasu kwanonin, wata dariya har da zama a ƙasa.

Ana cikin haka Bagiyo, uban yarinyar, ya dawo daga acaɓa. Da ya ji labari ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Juya su kika yi, uwar Kinanti. Kawo in gyara miki yanzun nan."

Ningsih ta dubi kwano wayam, ta dubi cikin 'yarta ya yi tulu. Ta cusa wayarta cikin zani.

"Taɓa ka gani. A bar ta haka."

Kinanti ta lashe cokali, ta miƙa hannu.

"Baba, kawo taka. Akwai saura a tukunya."