Jan Alayyahun Inna

Ni ce auta a ɗakinmu, kuma ni na ɗauko Inna ta dawo gidana da zama, bayan ta ɗora tukunya a wuta ta manta da ita har labulen kicin ya kama. Yayana yana can wani gari mai nisa wurin aiki, sai dai mu gaisa a waya. Mijina gyaran firji yake yi, ni kuma tela ce. Keken ɗinkina yana falo, daf da tagar da ke kallon tsakar gida.

Watannin farko Inna ba ta yin komai. Sai ta zauna a kan tabarma, ta tsinci ƙyallen da ya faɗo daga ɗinkina, ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa, har rana ta juya. Matar da a da in ta zauna sai dai in ba ta da lafiya. Likitan da ke duba ta ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Na ce to ni me zan yi mata? Ya ce in nemi aikin da hannunta ya fi sabawa da shi in ba ta, ko zai ɗebe mata kewa.

Ban sha wahalar tunani ba. Tun ina ƙarama bayan ɗakin Inna lambu ne, kuma abin da aka fi saninta da shi jan alayyahu ne, mai faɗin ganye, wanda maƙwabta kan aiko a tsinka musu. Washegari na biya kasuwa, mai iri ya ƙulla mini kaɗan a 'yar leda. Ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe masu sheƙi, in ka yi numfashi da ƙarfi a kansu sai su watse.

Tsakar gidanmu siminti ne, sai wani ɗan zirin ƙasa tsakanin famfo da katanga. Maigida ya aro fartanya ya kafce shi ya yi fangali, ya zuba taki, yana ta haki yana cewa shi fa ba a ɗaura masa aure da sharaɗin noma ba.

Da na zuba irin a tafin hannun Inna, sai ta kai shi kusa da idonta ta daɗe tana kallo.

"Alayyahu ne," ta ce.

"Ja ne, Inna. Irin naki."

"To me kike tsaye kina kallona? Kawo yashi."

Na kawo. Ta cuɗa irin da yashin a cikin kwano, ta miƙe ba tare da ta dafa bango ba, ta tsuguna gaban fangalin ta shiga barbaɗawa, hannunta na kai da komo kamar jiya ta bari. Ta bi da tafin hannu tana daddanna ƙasar a hankali.

"Ba a binne shi, Auta. In kika tura shi ƙasa ba zai fito ba. Rufa masa kawai ake yi." Ta sa na samo gwangwanin madara, aka huhhuda gindinsa da ƙusa. "Ruwa safe da yamma, yayyafi. Kada ki cika, ba ya son ruwa ya kwanta masa."

A ranar na kira Yaya ina dariya ina hawaye. Na ce masa Inna ta dawo, yau har faɗa ta yi mini.

Da safe ta ba su ruwa, na gani ta taga. Na sunkuyar da kai na haɗa hannun wata riga, da na ɗago sai na gan ta da gwangwani ta nufi fangalin.

"Inna, ai kin ba su."

"Yaushe? Tun jiya rabonsu da ruwa."

Na bar ta, na ce sau ɗaya ba zai yi komai ba. Kafin azahar ta koma. Bayan ta ci abinci ta koma. Duk lokacin da idonta ya faɗa kan famfo sai ta tuna akwai shuka, amma ba ta tuna ta riga ta yi. Wani lokaci ma ba ta neman gwangwanin, bokiti take ɗauka. Ruwa ya kwashe irin ya tara shi a kusurwa ɗaya. 'Yan da suka tsiro can suka fito a cunkushe, siraran abubuwa masu ganye biyu, sai kuma gindinsu ya yi baƙi ya tsuke, suka kwanta a cikin taɓo. Wurin ya soma wari.

Muka bar ƙasar ta sha iska, na sake shuka da kaina, ina bin abin da ta koya mini. Wannan karon maigida ya kwance kan famfon, na ajiye shi a aljihun keken ɗinki, sai in za a yi amfani da ruwa in fito da shi. Inna ta je ta yi ta murza ƙarfen da yatsu, ba ruwa. Ta zo ta tsaya a bakin taga.

"Ƙishirwa za ku kashe su da ita?"

"An ba su, Inna. Taɓa ƙasar ki ji, da danshi."

"Ni za ki koya wa ƙasa?"

Ta juye musu shayinta. Wata rana na kama ta da ruwan sabulun da na yi wanki, na karɓe daga hannunta da ƙyar, ta zauna a kan dakali tana kuka kamar wadda aka ƙwace wa ɗa. Maigida ya tsuguna gabanta yana lallashi. "Ku yi haƙuri, Inna, laifina ne, ni na lalata famfon. Kun san mai gyara shi ya fi kowa ɓarna." Ta kalle shi ta yi ɗan murmushi, ba na jin ta gane ko wane ne.

Duk da haka suka fito. Da safe na leƙa na ga ƙasar ta yi ɗigo-ɗigon ja, kamar an yayyafa mata zaren da aka yanka ƙanana. Suka ƙara ganye, suka kai tsawon ɗan yatsa. Na daina karɓar ɗinki da yawa don in riƙa sa ido. Ko banɗaki zan shiga sai na tabbatar Inna ta yi barci.

Rannan wata mata ta zo gwada rigar da na ɗinka mata, ta ce ta matse ta a kafaɗa. Muka shiga ɗaki na sake auna ta. Ba mu daɗe ba. Da na rako ta waje sai na tarar da Inna a tsugune, fuskarta a sake, gefenta ɗan tulin jajayen ganye da saiwoyinsu farare a sama.

"Ciyawa ta cinye miki wuri," ta ce. "Na cire miki tas. Yanzu shukar za ta samu iska."

Fangalin ya yi fes, ba ko tsinke. Ta iya cire ciyawa, ba ta bar ko saiwa ɗaya a ƙasa ba.

Na ce, "Sannu, Inna. Allah ya saka." Na kai ta ɗaki na wanke mata hannu, na dawo na tsuguna ina tura su ƙasa ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Sun yi ƙanƙanta, kuma rana ta riga ta taɓa su. Kafin yamma duk sun lanƙwashe.

Na kira Yaya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Auta, ba sai ki sayo a kasuwa ki ba ta ba? Ganye ne fa."

"Yaya, ba cin ne ya dame ni ba."

"Na sani. Ki yi haƙuri. Da zarar an ba ni hutu zan zo."

Ina jin ana kiransa daga can, na ce ya je kawai.

Maigida ne ya kawo dabarar ta uku. Ya dawo daga shago da wata roba ta cikin tsohon firji, irin wadda ake zuba kayan lambu, ya huda ƙasanta, muka cika ta da ƙasa da taki. Ya sa tsani ya ɗora ta a kan rufin kicin, inda Inna ba za ta gani ba balle ta kai. Na hau na barbaɗa ragowar irin.

"Ke kaɗai na sani," in ji shi, yana riƙe mini tsani, "da ke ɓoye gona don kada mai gona ya gani."

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai. Don ita na sayo irin, ga shi kuma ita nake ɓoye wa. Na mayar da kan famfon, na bar ta ta yi ta ba busasshiyar ƙasa ruwa yadda take so. Kullum tsakar gida a jiƙe. Sai ta tsuguna gaban taɓon ta ce, "Ba su fito ba har yanzu?" In ce, "Sun kusa." In an jima ta sake tambaya, in sake ba ta amsa ɗaya.

A sama ma ba sauƙi. Rufin yana ɗaukar zafi, kafin rana ta take ƙasar ta bushe ta tsage. Tsuntsaye suka gano wurin, na yanko tsohon gidan sauro na rufa. Sai tsutsa ta shiga, wata koriya da ke naɗe ganye ta kwanta ciki, na riƙa cire ta da hannu ina tsaye a kan tsani. Da suka girma suka matse juna, na san ana ragewa, amma ban san nawa ake bari ba, ban san wanda ake cirewa ba. Na sauko na zauna kusa da Inna.

"Inna, in alayyahu ya yi cunkoso, yaya ake rage shi?"

Ta kalle ni. Ta buɗe baki kamar amsar na nan a kan harshenta, sai ta ce, "An kai wa babanku ruwan wanka?"

Babanmu ya rasu tun kafin in yi aure. Na ce an kai. Na koma sama na cire waɗanda idona ya ba ni.

A cikin makonnin nan ne ta daina kirana Auta. Ban lura da ranar da abin ya faru ba. Na dai wayi gari na ji tana ce wa maigida, "Ina matar nan mai ɗinki?" Daga baya shi ma ta soma rufe fuska in ya shigo. Ta daina zuwa famfo. Gwangwanin ya yi tsatsa a gindin katanga, ƙasar fangalin ta bushe ta yi tauri.

Alayyahun ya yi, ko da yake ba kamar nata ba. Ganyen bai yi faɗi ba, wasu sun sha huji, amma ja ne sosai, in rana ta doke shi har ɗaukar ido yake. Wata yamma na roƙi wani maƙwabcinmu ya sauko mini da robar, ya ajiye ta gaban tabarmar Inna ya tafi.

Ta miƙa hannu ta shafa ganyen, ta juya bayansa, ta murza ɗaya ta sunsuna.

"Wa ya shuka wannan?"

"Ni ce, Inna."

"Hannunki na da kyau, baiwar Allah. Sai dai kin bar shi ya sha rana." Ta ƙara shafawa. "Za ki ɗan tsinka mini? Ina da yarinya a gida, auta ce, ba ta cin ganye sai wannan. In ta ga ja sai ta ce mai jini-jini take so."

Na manta ina faɗin haka ina ƙarama. Na ɗauko almakashin ɗinki na yanka mata mai yawa, na ɗaure da guntun ƙyalle. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi ta sa mini albarka, ta tambayi ko ina da 'ya'ya. Sai ta nemi takalminta, ta gyara mayafi, ta nufi ƙofar gida. Na riga na sa sakata da kwaɗo, kamar kullum. Ta ja, ta sake ja, sannan ta juyo.

"Buɗe mini mana. Yarinyar na can ita kaɗai, yamma ta yi."

"Inna, ni ce. Ga ni nan."

"Na gan ki. Na ce ki buɗe mini."

Na ce mai makullin ya fita, yanzu zai dawo. Na kawo mata kujera ta ƙi zama. Na ce ta ba ni ganyen in sa a ruwa kada ya yi yaushi, ta ƙara matse shi a ƙirji, ta ce ba nata ba ne. Haka ta tsaya, goshinta kusa da ƙarfen ƙofar, tana sauraren ƙafafun masu wucewa a titi. Ganyen ya soma laushi, jan ruwansa ya ɓata mata gaban riga.

Da ƙafafunta suka gaji ta sulale ta zauna a ƙasa, ta jingina da ƙofar. Na zauna kusa da ita.

"Mai makullin nan ya daɗe," ta ce.

"Ya daɗe," na ce.

"Ke ma jiransa kike?"

Na ce e, ni ma shi nake jira.