Lamba Tamanin da Bakwai

Akwai wata mata a Talata Mafara da take yi mini addu'a a kan alherin da ban yi ba. Sunanta Hasana, mutuniyar Tsibiri ce, kuma 'yarta Taibatu Jibrin ta yi wata biyar a ajina. Ko za a ɗora mini wuƙa a wuya, ba zan iya faɗin ko yarinyar fara ce ko baƙa ba.

Aji huɗu nake koyarwa a wata firamare da ke gefen gari. Shekarar da na kama aiki yara hamsin da 'yan kai aka ba ni, har ina ƙorafi, don ban san abin da ke tafe ba. Da zaman ƙauye ya gagara, mutanen Faru da Kaya da Tsibiri suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka suka shigo gari. Masu hali suka janye 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi, inda kowane yaro ke da kujerarsa. Ni aka bar mini ɗari da ashirin da huɗu. Benci goma sha biyu ne, sauran suna zaune a ƙasa kan buhu, wasu a kan taga. In na tsaya gaban allo, na baya ba na ganin komai nasu sai fararen hijabai.

Kiran suna kaɗai yakan cinye darasin farko, ga A'isha bakwai, ga Fatima tara. Sai hedimastanmu, Malam Gajere, ya ce a ba kowa lamba. Na ji daɗin dabarar ƙwarai. Kaina a sunkuye cikin rajista nake kira, ɗaya, biyu, uku, su kuma suna cewa na'am, kafin minti goma mun gama.

Yawancinsu ba don ni suke zuwa ba, kuma ban taɓa ruɗin kaina ba. Ƙarfe goma da rabi ake kawo abincin makaranta, shinkafa da wake, wata rana har da ƙwai. Kowane yaro yana da kwano mai murfi da aka rubuta lambarsa da fenti. Wanda ya amsa da safe zai jera kwanonsa a baranda, mai dafawa ta bi layi tana zubawa.

Da jarrabawa ta zo, na kwashi takardu cike da buhu na kai gida. A irin wannan yawa dole wasu su ɓace, wani bai rubuta lamba ba, wani ƙaninsa ya yaga. Abin da na tarar ana yi shi na yi: yaron da rajista ta nuna yana zuwa kullum amma ba a ga takardarsa ba, sai a ba shi maki na tsaka-tsaki. A ƙasan kowane kati na rubuta "tana da ƙoƙari, ta ƙara himma" har hannuna ya mutu. Lamba tamanin da bakwai ta zo ta arba'in da ɗaya.

Ranar da muka ba da hutu, wajen azahar, yara sun watse ina kakkaɓe alli daga jikina, sai na ji sallama. Wata siririyar mata ce da goyo, ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar za ta shiga masallaci.

"Malama, ina wuni? Ina gajiya? Ya ɗawainiya da ɗiyanmu?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya gida, ya yara?"

"Lahiya lau. Ya maigidanki? Ya aiki? To madalla."

Ta durƙusa gefen teburina, na ce ta hau benci ta ƙi. Ta ce godiya ta kawo ta, a kan yarinyar nan tata ta ajina. Na ce wace yarinya? Ta sunkuyar da kai ta ce 'yar fari ce. Na gane ba za ta kama sunanta ba, ko ni ba na kama sunan ɗana na fari. Allah ya taimake ni akwai kati a hannunta, na karɓa na karanta sunan a can, gefen lamba tamanin da bakwai. Na yi murmushi irin namu na malamai na ce, "Af, Taibatu! Ina take?"

Ta ɗago ta dube ni, sannan ta yi ɗan murmushi, ta ɗauka bakina ne ya suɓuce don sabo.

"Ni ma hakanan nika yi, Malama. In tashi da sahe in ce ina take. Yau kwana arba'in da shida."

Na zauna, ban san na zauna ba.

Ta ci gaba da magana a hankali, tana jijjiga goyonta. Zazzaɓi ne, sati biyu ta yi kwance. Ubanta yana ƙwadago a gonakin shinkafa wajen Bakura, kafin ya samo abin kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Sannan ta zo kan abin da ya kawo ta.

"Tun ranar da ta kwanta Nazifa ka kawo muna kwanonta, ɗiyar maƙwabtanmu. Ta ce ke kinka aiko. Anka yi rasuwa, ba ki daina ba. Ƙannenta ukku da shi suka karyawa, Malama, wata rana shi kaɗai ne abincin gidan. Yau kuma ga takarda, an karanta min, kin ce tana da ƙoƙari. Ba ki hidda ta cikin ɗiyanki ba. Allah shi saka miki da Aljanna."

Nan take na ga yadda aka yi. Nazifa lamba goma sha tara ce. Ta amsa tata, ta jira, ta sake amsa ta tamanin da bakwai, ta jera kwano biyu a baranda. Wata biyu cur wata murya tana ce mini na'am a madadin yarinyar da take kwance, daga baya a madadin wadda take kabari, ni kuma ina sa mata alama da jan biro. Ban ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Tsoro ya kama ni, da kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya, wallahi na buɗe. Sai ta riga ni.

"Abu guda nika roƙo. Ba mu da hotonta, wayar ta tsaya can gida ranar da munka gudo. Ke kin zamna da ita kullum. Ki hwaɗa min, ƙaƙa take cikin aji?"

Na duba ajin, ko Allah zai sa wani wuri ya tuna mini. Buhuna ne kawai da ɓawon gyaɗa. Idona ya faɗa kan bencin gaba, inda wata yarinya Gimbiya take zama, 'yar wani tela, mai surutu kamar rediyo, wadda ko makaho ya san da ita a ajin. Sai na ji bakina yana magana. Na ce tana ɗaga hannu tun ban gama tambaya ba. Na ce in ta ci lissafi takan rufe baki da hijabi tana dariya har kafaɗunta na rawa. Na ce ita ke goge mini allo.

Hasana ta dafe ƙirji, hawaye na zuba, amma fuskarta ta washe.

"Dariya? Tun da munka baro Tsibiri ban ji dariyarta ba. Ko magana sai an matsa mata. Ashe nan tana yi."

Ta tafi tana sa mini albarka har bakin titi.

Da aka dawo hutu na daina kiran lamba, Malam Gajere ya yi faɗansa ya gaji. Nazifa kuwa ban yi mata faɗa ba, da wane bakin? Na tambayi yara inda Taibatu take zama. Wasu suka nuna bayan ƙofa, wasu suka ce gindin taga, wata ta rantse a kusa da ita take. Yanzu in ina rubutu a allo nakan ji kamar akwai wadda ke kallon bayana daga can cikin hijaban, tana jira in juyo. In na juyo duk suna nan, kowa da fuskarsa, ba wadda ta rage.

Hasana kuma ba ta daina zuwa ba. Duk ranar Talata in ta taso daga kasuwa sai ta biyo, ta durƙusa gefen teburin, ta ce in ƙara mata ko kaɗan ne. Ni kuma duk mako ina sa wa Gimbiya ido, ina tara abin da zan ba ta: yadda take cizon biro, waƙar da take yi in tana shara.

Talatar da ta wuce ta zo da wuri, ba mu tashi ba. Ban lura da ita ba sai da na yi tambaya Gimbiya ta cilla hannu sama, ta ci, ta ja hijabi ta rufe baki kafaɗunta na rawa. Sannan na ga Hasana tsaye a taga, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, ko ƙiftawa ba ta yi. Na fita na same ta, a raina na ce yau asirina ya tonu, kuma gara haka.

Ba ta dube ni ba, idonta na kan yarinyar.

"Hakanga take yi, ko Malama? Awa waccan?"

Na ce, "Haka take yi."

"To bar ni in ƙara kallo kaɗan."