Gona ta Uku

A bakin ɗakin kaji suka ƙulla cinikin. Shi yana zaune a kan buhun abincin kaji, ita tana tsaye da safar hannu, ga akwatin ƙanƙara cike da ƙananan kwalabe a gefenta.

"Abin da nake so kaɗan ne, Baba," in ji Dakta. "Ruwan kwatarka, da ɗan kashin kaji, da ruwan da suke sha."

Mai Kaji ya kalli 'yarsa ta fari sama da ƙasa. Shekara talatin yana sayar da ƙwai da kaji, har taki yana sayarwa, amma bai taɓa ganin wanda ya zo da mota neman ruwan kwata ba.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa gare ta, "nawa ake sayensa a can wajenku?"

"Ba a saye, Baba. Bincike ne."

A jami'a take aiki, kuma aikinta shi ne bin diddigin ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. A kan wannan ne suka daɗe suna sa-in-sa. Kowace safiya Mai Kaji yakan buɗe wani gwangwani, ya ɗebi garin magani mai ruwan ɗorawa ya zuba wa kaji a ruwan sha, da mai ciwo da lafiyayya. Ita ta ce ƙwayoyin cuta suna sabawa da shi, ranar da mutum ya kwanta aka ba shi irinsa, sai ya zama kamar ya sha ruwa. Shi ya ce kajinsa dubu biyu ne, ba mai ko tari, kuma garin nan da take rainawa shi ya kai ta inda take.

"To in kin rubuta, wa zai karanta?"

"Masana."

"Ta ina za a san sun karanta?"

"In wani ya yi nasa binciken ya kafa hujja da nawa, sai ya rubuta sunan takardata a ƙarshen tasa. Ambato ɗaya ke nan. Akwai shafi a intanet da ke ƙirgawa."

"Wato kamar mai shago ya ce wa ɗan'uwansa, je wurin wane, ƙwansa ba ya ruɓewa."

"Kusan haka."

Mai Kaji ya gyara zama. "To ga ciniki. Ɗebi kwata son ranki. Daga ranar da takardar ta fito, in masana ɗari suka ambace ta cikin shekara uku, na daina ba lafiyayyun kaji magani. In ba su kai ba, kin rufe bakinki a kan gwangwanina har abada."

Ba da ka ya faɗi ɗari ba. Yana da wani mai sayen ƙwai, tsohon malaminta ne, Farfesa, wanda ke ɗaukar kiret biyu kowace Asabar. Mutumin ya taɓa yi masa kukan cewa takardarsa mafi farin jini ambato arba'in ta samu cikin shekara ashirin. In mai furfura ya tsaya a arba'in, ina yarinyar jiya za ta ga ɗari?

"Na yarda," in ji Dakta. Ta amsa da sauri har ya ɗan ji wani iri.

Aka kira Mama daga cikin gida ta zama shaida. Ta zo tana goge hannu, ta saurara, ta ce, "Ni dai na ji. Wanda ya faɗi kada ya zo yana ce min ba haka aka yi ba."

Abu ɗaya ne ya ɓata wa Mai Kaji rai. Ya so a sa sunan gonarsa a takardar, talla ce kyauta. Dakta ta ce doka ta hana, gonaki biyar ta ɗiba, tasa za a kira ta Gona ta Uku.

"Ubanki ne fa. Me ya hana ta ɗaya?"

Takardar ta fito. Dakta ta sa wa Mama shafin ƙirgen a waya, ya zama kowace safiya ana shan shayi Mama za ta ɗora tabarau ta duba. Shekarar farko ambato tara aka samu. Mai Kaji ya riƙa wucewa da gwangwaninsa ta gaban teburi yana kaɗa cokali a ciki.

"Tara, ko? Ki ce mata kada ta damu. Ni ma da kaza tara na fara."

A shekara ta biyu abin ya canza. Ashe a Gona ta Uku an samu wata ƙwayar cuta da aka gwada mata magani takwas, bakwai ba su taɓa ta ba. Masu bincike a wasu ƙasashe suka fara ganin irinta a nasu gonakin, kowa ya rubuta sai ya koma kan takardar Dakta. Talatin. Arba'in da shida. Sittin da ɗaya.

Mai Kaji ya rasa ta inda zai kama abin. In ya fita waje sai ya bugi ƙirji. "'Yata, duniya ke kiran sunanta. Ko ƙwayar cutar gonata ba ta wasa ba ce, bakwai cikin takwas!" In ya dawo gida sai ya tsaya a ƙofar ɗakin kaji yana kallonsu. Tsoronsa na gaske ne. Ya taɓa ganin ciwo ya shiga gonar maƙwabcinsa, cikin mako guda aka riƙa kwasar kaji da baro. A ganinsa, garin nan ne kaɗai ke tsakaninsa da baro.

Saura wata takwas wa'adi ya cika, ƙirge yana tamanin da biyu, kuma ya rage gudu, biyu-biyu yake hawa a wata. Mai Kaji ya lissafa da yatsu: casa'in da takwas. Zai ci, amma da ƙyar, shi kuwa ba ya son cinikin da zai dogara da kaza biyu. Sai ya tuna abin da ya sani a kasuwa. Yabo yana kawo maka mai saye ɗaya, amma in wani babba ya ce kayanka da matsala, goma za su gudu a yini guda.

Ranar Asabar ya ɗauki kiret ɗin Farfesa da kansa har bakin mota.

"Ranka ya daɗe, takardar nan ta ɗalibarka, ka karanta?"

"Na karanta. Aiki mai kyau."

"Gona ta Uku fa, ka san ta?"

"Ba a faɗa ba."

"Kana tsaye a cikinta."

Farfesa ya kalli kiret ɗin da ke hannunsa, ya kalli Mai Kaji. "Wato ƙwan da nake ci shekara goma sha biyu..."

"Lafiyarka lau, ga ka nan. Zo ka ga wani abu."

Ya zagaya da shi bayan katanga, ya nuna masa kwatar. Can sama da gonar akwai wani ƙaramin asibiti, kuma ruwan wankinsa ta wannan kwatar yake biyowa kafin ya haɗu da na kaji.

"Ni ban yi karatu ba," in ji Mai Kaji, "amma wa ya ce cutar ta kaji ce? Ba ta asibiti ba?"

Idon Farfesa ya kawo haske. Mutum ne mai son gardama fiye da abinci, kuma ya daɗe bai samu wadda ta amsa sunanta ba. Ya tsuguna a bakin kwata da farar rigarsa yana ɗaukar hoto, har ya manta ƙwansa a kan mota.

Bayan wata uku takardarsa ta fito, shafi biyu, yana cewa akwai gyara a binciken. Da safe Mai Kaji ya zauna gaban shayi yana murmushi.

"Duba mana, Maman Dakta. Nawa aka cire?"

Mama ta ɗora tabarau. "Tamanin da tara."

"Jiya fa?"

"Tamanin da takwas."

"Ki goge gilashin."

Ta goge. Tamanin da tara.

Ya kira Farfesa nan take. "Ranka ya daɗe, ba ka ce ta yi kuskure ba?"

"Na ce."

"To ya na ga an ƙara mata?"

"Ai sai na ambaci takardar kafin in soke ta. Na'urar ba ta san yabo ba, ba ta san suka ba. Suna kawai take gani."

"Ko zagi ne ana ƙirgawa?"

"Ana ƙirgawa."

Mai Kaji ya ajiye waya a hankali. Mama ta ƙara masa sukari.

Daga nan abin ya ƙwace. Dakta ta mayar da martani cikin ladabi: ta gode wa malaminta, sannan ta nuna cewa ƙwayar nan ba a kwata kawai ta same ta ba, har a mazubin ruwan da ke tsakiyar ɗakin kaji, inda ruwan asibiti bai taɓa zuwa ba. Masana kuwa, ashe, kamar mutanen unguwa ne, in an ji hayaniya kowa sai ya leƙo. Wasu suka bi Farfesa, wasu suka bi Dakta, kowa ya buɗe baki an ƙara ɗaya. Saura wata guda wa'adi ya cika, Mama ta juyo da wayar ta ajiye masa kusa da kofi. Ɗari da huɗu.

Da la'asar Dakta ta iso, ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba.

"Baba, wani abu yana ba ni mamaki. Wa ya nuna wa Farfesa bayan katangarmu?"

"Mutum ne mai yawo."

"Da farar riga," in ji Mama daga ƙofa. "Ina shanya ina kallonku."

Dakta ta yi dariya har da riƙe ciki. "Ai ni na riga na fid da rai. Casa'in da takwas na lissafa."

Ya tashi ya ɗauko gwangwanin, ya miƙa mata har da cokalin. Amma bai saki ba nan da nan.

"Uwata, in suka mutu fa?"

Ta daina dariya. "Ba cewa na yi ka bar su ga Allah kawai ba. Wadda ta kamu, a ware ta, likitan dabbobi ya duba, a ba ta magani. Sauran kuwa tsabta ce da rigakafi da sarari. Kuma ina nan kowace Asabar har ka gaji da ni."

Haka aka yi. Aka rage cunkoso, aka fasa bango aka yi tagogi biyu, garin katakon da ake shimfiɗa wa kaji a ƙasa ana canza shi kafin ya jiƙe. Watan farko kaji goma sha huɗu suka mutu, kuma kowace ɗaya sai da ya kira Dakta a waya ya yi mata ta'aziyya. A wata na biyu uku ne suka mutu. Baro dai bai shigo ba.

In ana maganar riba, Dakta ta samu ɗarinta da ƙari, an kuma ƙara mata girma a wurin aiki. Farfesa, da shafi biyun nan, ya samu ambato hamsin da bakwai, ya wuce arba'in ɗinsa ta shekara ashirin, yanzu kiret uku yake ɗauka. Mama ta samu labarin da take ba kowane baƙo tun kafin ya zauna. Mai shagon magungunan dabbobi ya rasa babban mai sayensa, har yau gaisuwarsu sama-sama ce. Shi kuwa Mai Kaji ya rasa gwangwani, da kaji goma sha bakwai, ga kuma wanke mazubin ruwa da ya hau kansa kowace safiya. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, ta lissafinsa ambato shida ne nasa na kansa, waɗanda suka hau kan casa'in da takwas ɗin nan, kuma ko ɗaya ba a rubuta da sunansa ba.