Koriyar Waya da Baƙa

"Kada ki jona!" Kassoum ya daka tsawa daga kan katifa, da ƙarfin da ban zaci ya rage masa ba.

'Yarsa Latifatou ta tsaya cak da filogi a hannu. Ni ina zaune a bakin ƙofa. Kullum bayan azahar nakan shigo duba shi, tun ranar da asibiti suka ce a mai da shi gida a ci gaba da addu'a.

Shekara ashirin da ɗaya katangarmu ɗaya a unguwar Zongo. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma kwamfuta. Ciwon sukari ya cinye masa ido, ya gangara ƙoda. Abu ɗaya ya roƙa a makon nan: ya ji muryar mahaifinsa, marigayi Malam Dramane. Tun yana saurayi ya ɗauki tsohon a kaset yana lissafa zangon da kakanninsu fatake suka yada, daga Katsina har bakin teku. Kaset ɗin ruwan damina ya ci shi. Kwafin da ya tsira yana cikin wani diskin kwamfuta guda, kwamfutar da ke karanta shi kuma ta mutu. Shi ne Latifatou, wadda ta gaji sana'ar, ta hau zemijan, wato acaɓa, ta haɗo kayan gwanjo na bakin tashar jirgin ruwa, za ta haɗa wata.

"Baba, mai kayan ya rantse mini alim ɗin lafiyarta ƙalau," in ji ta. Alim suke ce wa akwatin ƙarfen da ke raba wa kwamfuta wuta.

"Ya rantse da me? Da kwantena? Cire diskin, cire komai. Alim ɗin ita kaɗai ake fara gwadawa."

"Zai ƙara mana awa biyu fa, Baba."

Ta dube ni, na gane abin da take nufi. Numfashinsa daga bakin ƙofa ina jin yadda yake ja da ƙyar.

Na ce, "Kassoum, ka ji tsoron Allah. Bar ta ta haɗa abin nan ka ji tsohonka. Taurin kai har a kan wannan katifa?"

Na gyara zama zan kawo masa maganar mutanen da, sai ya ɗaga hannu.

"Alhaji Abdussamad, riƙe karin maganarka, yau ba ni da lokacinta. Latifa, ɗora mini akwatin a ƙirji."

Ta kwance ta ɗora masa, ranta a ɓace. Ya bi bayan akwatin da babban yatsa, a hankali, kamar mai laluben tsabar carbi. Yatsan ya tsaya a kan wani ɗan jan maɓalli da bai kai farce ba.

"Karanta mini lambar da ta fito a nan."

Ta sunkuya.

"Ɗari da sha biyar."

"Kayan Amurka ne," ya ce. "Wutarsu rabin tamu ce. Da kin jona, da kin ji ƙara kamar bindiga, kuma ban san me za ta tafi da shi ba. Alhaji, da yanzu tsohon da kake so in ji ya zama hayaƙi."

Na sunkuyar da kai.

Latifatou ta tura maɓallin da bakin sukundireba, ya koma ɗari biyu da talatin. Kassoum ya sa ta lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takarda, ta soka baki ɗaya a ramin koriyar waya, ɗayan a ramin baƙa, don alim ta tashi ba tare da kwamfuta ba. Alim na kan tabarma ita kaɗai, diskin yana can nesa a kan tebur.

"Bismillah. Jona."

Ba ƙara, ba ƙauri. Sai wata 'yar iska siririya, fankar cikin akwatin ta ɗauka.

"Awo," in ji shi.

Ta sa mitar awon wuta a kan wayoyin. "Rawaya sha biyu. Ja biyar."

"Madalla. Saura fankokin jiki."

Uku ne. Ta farko ta juya lafiya. Ta biyu tana tashi ya yamutsa fuska. "Wannan ta gaji kamar ni, ajiye ta gefe." Ta ukun ba ta da alamar inda take hura iska, takardar jikinta ta goge.

"Kai ta kusa da gemun Alhaji," ya ce. "In ya yi baya, nan take hurawa."

"Kai, Kassoum! Gemun nawa?"

"Shekara ashirin yana yi mini wa'azi, bari yau ya yi mini aiki."

Latifatou ta yi dariya, hawaye na zuba. Na miƙa haɓa. Gemu ya yi baya.

Aka kira la'asar. Na tafi masallaci, amma Allah ya gafarta mini, kunnena yana gidan Kassoum, ina jiran kada in ji kuka. Da na dawo, ba kuka na tarar ba. Muryar wani tsoho ce ta tare ni a zaure, mai kauri, da carar zakara a bayanta.

"Daga Gaya muka ƙetare kogi, muka kwana bakwai a Kandi..."

Kassoum yana kwance, idonsa a buɗe. Can sai wata muryar saurayi ta shigo cikin maganar: "Baba, daga Djougou sai ina?" Tasa ce, ta shekarun da. Kafin tsohon ya amsa, na ga leɓen Kassoum ya riga shi faɗin sunan garin.

Sau uku aka maimaita masa. A na ukun ya ce, "Ya isa. Latifa, juye shi a faifai uku tun yau, kada ki bari sai gobe. Ki ba Alhaji ɗaya."

"Ni da ba ni da abin saurare?"

"Shi ya sa. A wurinka ba mai taɓa shi."

Washegari da hantsi ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Na wanke mutane da yawa a unguwar nan, kaɗan ne na ga fuskarsu a sake kamar tasa.

Da muka dawo daga maƙabarta, tsakar gida cike da mata masu gaisuwa, na leƙa ɗakin in ɗauki butata. Latifatou na zaune a ƙasa ita kaɗai, kwamfutar a gabanta. Tun jiya cikin kwamfutar yake a buɗe. Ta mayar da murfin, tana ɗaure ƙusoshin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ba ta sauri.