Ranar da Nilavva Ta Ƙi Faɗuwa

Bayan girbin dawa 'yan fim suka iso ƙauyenmu daga Bengaluru. Fim ɗin sojoji suke ɗauka da harshenmu na Kannada, kuma a dandalinmu suke son ɗaukar wurin da ake kawo gawar soja gida. Aka tara mu mata a gindin bishiyar tsamiya, aka ce mu ne masu makoki.

Maƙwabciyata Nilavva ba ta so zuwa ba, ni na janyo ta. Daraktan, wani matashi mai suna Prahlad, yana ganin fuskarta ya sa ta a sahun gaba, kusa da 'yar wasan da ke fitowa a matsayin uwar sojan. Bai san cewa ɗanta Sangappa a bakin iyaka ya rasu ba, can cikin duwatsun ƙanƙara.

Aka sauke akwati lulluɓe da tuta. Prahlad ya ba da alama, muka zube ƙasa muna kururuwa. Nilavva kaɗai ta tsaya ƙyam.

Ya tsayar da aiki ya matso, ya kira ta Avva, wato uwa. "Avva, ko ƙafa ce ke ciwo? A kawo miki kujera?"

"Ƙafata lafiya lau, ɗana. Ranar da aka kawo nawa ban faɗi ba, ba kuma zan faɗi a kan akwatin da babu kowa a ciki ba."

'Yar wasan ta tashi tana kaɗe ƙurar zaninta, ta tambaye ta a hankali, "To me kika yi, Avva?"

"Abokansa ne suka ɗauko shi a kafaɗa, yara ƙanana, idanunsu jawur. In na zube, wa zai tsaya musu? Na karɓi tutar da hannu biyu, na tambaye su ko sun ci abinci. Kukan sai da na shiga ɗaki."

Daga nan Prahlad ya nemi izininta, ya sauya wurin gaba ɗaya ya bi yadda ta faɗa.

Da fim ɗin ya fito, tarakta guda muka cika zuwa sinima a garin Bagalkot, da ƙunshin gurasar dawa da yajin gyaɗa. A hanya mata sai tsokanar Nilavva suke yi, suna ce mata Akka, wato yaya: "Akka, kin zama tauraruwa, yanzu sai da layi za a gaishe ki."

"Ke dai ki yi addu'a kar a nuno bakin nan naki da ba haƙora," in ji ta.

Da aka zo wurin, uwar sojan ta tsaya a tsaye, ta karɓi tuta, ta dubi sojojin ta ce, "Kun ci abinci kuwa?" A bayanta ga Nilavva. Wani dattijo a gabanmu ya miƙe ya ƙame, sai sahu bayan sahu suka bi shi, har sinimar duka ta tashi. Na riƙo hannun Nilavva, kanta a ɗage yake.

A hanyar komawa ta soma ba mu labarin Sangappa, yadda yake satar rake a gonar kawunsa yana yaro, da ranar da ya fara dawowa hutu cikin kaki har kakarsa ta kasa gane shi. Shekaru ke nan rabon da mu ji sunansa a bakinta. Ba ta yi shiru ba har muka shiga gari.