Rantsuwar Inna Talatu

Ku yi mini haƙuri, ni ba marubuciya ba ce. Karance-karance kawai na iya, ko gaisuwa zan yi a cikin mutane sai muryata ta yi rawa. Amma abin da na gani a gidan maƙwabciyarmu ya ƙi barin raina.

"Inna, ki bari ta shigo mana," in ji Murja, tana durƙushe a bakin katifar mahaifiyarta. "Tun shekaranjiya take zaune a gidan su Rumasa'u."

Ni ce Rumasa'un. Ina tsaye a bakin ƙofa da kunun da Umma ta aiko ni da shi. Wadda ake maganar kuwa Gwaggo Turai ce, ƙanwar Inna Talatu. Ta taso daga Rogo da ta ji jikin yayarta ya tsananta, ta sauka a gidanmu don ba ta da fuskar shiga nan.

Inna ta girgiza kai, ta nuna rediyo da leɓe.

Duk unguwarmu a Karaye an san Inna Talatu mai ƙuli-ƙuli da son Dattijo, ɗan takarar shugaban ƙasa da ya tsufa yana tsayawa yana faɗuwa. A zaɓen da ya wuce, bayan ya sake faɗuwa, Gwaggo Turai ta zo bikin suna a gidan cikin atamfar ɗaya jam'iyyar, har da guɗa. Inna ta dafa Alƙur'ani a gaban mata, ta rantse ba za ta ƙara yi mata magana ba sai ran da Dattijo ya ci.

Malam Bahauddeen, limaminmu, ya zo dubiya ya yi mata nasiha.

"Gaba haramun ce, Talatu. Ki ciyar da miskinai, kin yi kaffara, magana ta ƙare."

"Malam, in na yi kaffara ai na ce ba zai ci ba ke nan."

Ranar zaɓen bana a adaidaita-sahu aka kai ta rumfa, ana riƙe da ita ta dangwala. Tun daga nan ba ta sake tashi ba. Sakamako ya yi ta jan ƙafa, numfashinta yana raguwa. Umma ta ce tsoronta ɗaya ne, kada baiwar Allah ta cika da gaba a wuyanta.

Da hantsin nan ina tsaye rediyo ta faɗa: Dattijo ya ci. Mai sanarwa bai rufe baki ba ihu ya tashi daga bakin kasuwa, babura suka kama hon. Sai ga Gwaggo Turai ta faɗo ɗakin, takalmi ƙafa ɗaya, ko sallama babu.

Inna ta daɗe tana kallonta.

"Turai."

"Na'am, Yaya."

"Ina atamfar?"

"Tuni na yi tsumma da ita. Wankin farko ta koɗe."

"Kayansu ke nan." Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. "Wa kika zaɓa?"

"Naki na dangwala wa. Ba don ina son sa ba, wallahi, don dai bakinki ya buɗe."

"Ja'ira. Ƙuri'a dai ƙuri'a ce." Ta lalubo hannunta. "Ki yafe mini."

"Ni ce da neman gafara, Yaya."

Daga hannun Gwaggo ta sha kunun, ludayi biyu ko uku. Suka yi ta ƙus-ƙus a kan mutanen Rogo, wa ya mutu, wa ya aurar da 'ya, wa ya sayar da gonar gado.

Bayan azahar Inna ta cika, Gwaggo tana laƙƙana mata kalmar shahada. Malam ya aika samarin layi su kashe lasifikar murna. Mata suka cika tsakar gida, kuka ƙasa-ƙasa, Umma na ta maimaita "Alhamdu lillahi, an rabu lafiya."

Da na leƙa, Gwaggo Turai na zaune riƙe da hannun yayarta, tana shafa farcen da tawadar zaɓe ba ta gama fita ba. Na ɗauki silifas ɗina a hannu, na bi jikin katanga na fice, ba wanda ya ɗago.